Igiyar Sajo Na Huɗu

A watan Nuwamba na shekarar 1938 Sajo mai haƙar rijiya ya fara haɗuwa da Sajo ɗan kokawa. Haɗuwar ba ta zo da gaisuwa ba, domin ɗaya yana ƙasa, ɗaya yana sama, tsakaninsu gaba biyar, wato ƙafa talatin a awon Turawa.

Amma kafin a leƙa ramin, gara a san mutanen. A ƙasar Muri, yaron da ya biyo tagwaye Sajo ake ce masa, kamar yadda Kanawa ke cewa Gambo, saboda haka sunan bai taɓa yin tsada a Jalingo ba. Sai dai a wancan zamani mutum uku ne suka riƙe shi da ƙarfi. Akwai Sajo Bauna, ɗan kokawar da ba a taɓa ganin ƙasa a bayan rigarsa ba. Uwarsa mutuniyar Kona ce, Hausarsa kuwa ba ta san mace ba, kowa da komai “ya” ne a bakinsa. Akwai Sajo Direba, mai jan babbar mota tsakanin Jalingo da Lau, ya kai gyaɗa da auduga bakin Binuwai ya komo da gishiri da kananzir, mata na sa tukunya da jin ƙahonsa. Na ukunsu Sajo Dubagari, wanda ya yi makaranta a Yola, mai kaki da hular kwano da tef ɗin awo, da wani dogon ludayi da yake leƙa randunan mutane da shi yana neman tsutsar sauro. In aka ce “Ga Dubagari nan!” a unguwar Majidaɗi, kafin ya iso unguwar Sarkin Dawaki an kife tukwane.

Sai kuma mai rijiya: ɗan siririn mutum, gajere, mara yawan magana, kullum da jar ƙasa a gashin girarsa. In aka ce Sajo ya yi kaza, sai a tambaya, “Bauna?” A ce a'a. “Direba?” A'a. “Dubagari?” A'a. “To, na huɗun ke nan.” Haka sunan ya bi shi. Rijiya sittin da ɗaya ya haƙa a garin nan da hannunsa, amma kowacce da sunan maigidan da aka haƙa wa ake kiranta.

Ranar da muke magana, yana cikin haƙa a wani gida a Majidaɗi sai gefen ramin ya zabtaro, ƙasa ta binne shi har ƙirji. Mai riƙe masa igiya wani tsoho ne ƙanen ubansa, ya ja, ya ja, ya ga ba sarki sai Allah, ya fasa ihu. Bauna na wucewa za shi wanka rafin Mayo Gwoi, ya ji, ya tsallake dangar gidan. Bai tambayi ko wane ne a ciki ba. Ya naɗe igiyar rama a hannu biyu, ya kafa ƙafa, ya tumɓuko mutum kamar ana cire rogo. Da ya buɗe hannuwansa, igiya ta tafi da fatar tafinsa duka biyu.

Saura kwana uku a lokacin ya kara da wani gwanin kokawa da ya taso takanas daga Numan, karon da gari ya yi wata biyu yana jira. Hannun da ba ya iya riƙe ƙoƙo ba zai riƙe ƙugun ƙato ba, sai aka fasa. Mutumin Numan ya koma gida makaɗansa na waƙar baunar Jalingo da ta ji ƙamshin maza ta shige ciyawa. Da yaƙin duniya ya tashi mutumin ya shiga soja, ba a sake ganinsa ba, karon bai taɓa yiwuwa ba.

Da Na Huɗu ya warware, sai ya ɗauki jan zakara ya nufi gidan Bauna don godiya. Bauna ya dubi zakaran, ya dube shi.

“An ce kai ma Sajo ne?”

“Sajo ne.”

“To, ni Sajo na jawo daga rami. Hannun dama ba ya biyan hannun hagu. In ka biya ni, bare na jawo ke nan, ni kuwa ban ɓata hannuna don bare ba.”

Ya kama zakaran da 'yan yatsu biyu ya wurga shi bayan danga. Zakara ya dira yana kururuwa, Na Huɗu ya bi shi a guje.

Wannan magana ita ta zama doka lokacin da su huɗun suka fara zama kowace Juma'a bayan masallaci, a gindin ɗorawar tasha, kusa da tukubar Lawali mai tsire. Takwara ba ya kiran takwara da suna, ba ya ce masa na gode, ba ya rama masa alheri. Wanda ya karya, tsiren ranar a wuyansa yake. Ga Direba da Dubagari abin wasa ne, har tarko sukan ɗana wa juna. Ga Bauna ba wasa ba ne. Na Huɗu kuwa shekara goma sha biyar yana gaisawa da mutumin nan kowane mako, kuma duk lokacin da tafinsa ya taɓa tabon nan sai ya sunkuyar da kai.

A bazarar 1953 Bauna ya daɗe da barin fage. Gwiwarsa ta hagu ta kumbura, tumbi ya fito, amma bakin na nan yadda yake. Matarsa Furera, 'yar Zazzagawan da suka zauna garin Mutum Biyu suna fatauci, ta shekara ashirin da huɗu tana ɗauko ruwa daga rafi. 'Ya'yanta mata duk sun yi aure, bayanta ya fara ƙi. Ta roƙi a haƙa rijiya a gida. Da zancen ya zo gindin ɗorawa, Na Huɗu ya buɗe baki a hankali.

“Takwara, da ka bari na zo na...”

“Ka zo ka yi me? Biya kake so ka yi?” Bauna ya buga ƙirji. “Ni da na kayar da maza daga Wukari har Lau, ƙasa ne zai gagare ni? Ƙasa da ya riga ya kwanta? Da hannuna zan haƙa. Ku shaida!”

Suka shaida. Ya haƙa rami na farko, a gaba biyu ya ci karo da falalen dutse. Ya matsa taku huɗu ya haƙa na biyu, dutsen nan dai ya tarar yana jiransa. Ya fara na uku a tsakaninsu.

Ran Laraba, goma sha biyar ga Afrilu, Na Huɗu ya gamu da Furera a hanyar rafi, tulu a kanta, hannu ɗaya a ƙugu. Mace ce mai kunya irin ta da, ba ta faɗin sunan mijinta, don haka duk Sajon garin nan ba wanda ta taɓa kira da sunansa.

“Mai sunan maigida, tsaya ka ji. Gidana ya zama dara, rami nan, rami can. Jiya akuyata ta faɗa na biyu, da ƙyar muka fito da ita.”

“Sannu, uwargida. Allah ya kawo sauƙi.”

“Sauƙi a bakin rijiya yake. Yayana Manga ya zo makon jiya, raina ya ɓaci, na rantse a gabansa: in aka ga watan azumi ba ruwa a gidan nan, na bi shi Mutum Biyu, can rijiya na tsakar gida. Na faɗa, ba ta haɗiyuwa.” Ta gyara gammo, muryarta ta sauka. “Ni kuwa ba na son tafiya. Wa zai dafa wa wannan ƙaton? Wa zai saurari labarin kokawarsa sau ɗari?”

Na Huɗu ya lissafa a zuci: saura wata guda cif. Inda ruwa yake a gidan bai zame masa abin nema ba, ya san shi tun shekaru. Bayan madafa akwai kututturen ɓaure da aka sare sau biyu yana sake tohowa da tsakiyar rani, kuma a gindinsa gara na fito da yumɓu mai duhu, mai sanyi a hannu. Gara ba ta ƙarya, inda ta samo jiƙaƙƙiyar ƙasa nan ruwa yake. Duk zuwansa gidan sai idonsa ya je wurin ya dawo. Abin da ya rage shi ne yadda za a kai Bauna can, kuma Bauna ya ɗauka shi ya kai kansa.

A makon nan kuma aka kira shi ofishin En'e. Ana son rijiyoyi uku a kan hanyar Lau saboda matafiya, kuma wanda ya yi su shi za a riƙa kira a duk aikin rijiya na hukuma, da rigar kaki da sunansa a takarda. Da ya karɓa, da ya tashi daga Na Huɗu ya koma Sajo Rijiya. Ya tsaya gaban malamin ofis yana murza hularsa, sannan ya ce bayansa na ciwo bana, a nemi Hammanjoda, shi ma ya iya. Aka nemi Hammanjoda.

Daga nan ya wuce wurin Dubagari, ya same shi yana goge ludayi.

“Takwara, ƙafa nawa dokarku ta ce a bari tsakanin rijiya da salga?”

“Hamsin, ba ragi.”

“Ramukan Bauna fa?”

Dubagari ya yi tari. “Ban auna ba. Mutum ba ya auna takwaransa. Kuma ina son haƙorana.”

“Ka je ka auna. Kututturen ɓauren nan na bayan madafa, na taka da ƙafata: sittin da biyu daga salgar gidan, hamsin da huɗu daga ta maƙwabta.”

Dubagari ya dube shi ta ƙarƙashin hular kwano, ya daɗe yana dubansa. “Wannan ba karya doka ba ce, Takwara?”

“Wacce? Taka ko tamu?”

“Tamu.”

“Ni tambaya na yi a kan salga.”

Ran Asabar da hantsi Dubagari ya shiga gidan Bauna da cikakken kaki, fuska ba annuri. Ya ja tef daga salga zuwa rami na uku, ya duba, ya girgiza kai: ƙafa talatin da huɗu.

“A cike su duka uku.”

“Kai, Takwara! A gidana? Salgana ne, rijiyana ne, in sun ga dama su yi aure!”

“A nan ba takwara, hukuma ce. Ka cike, ko gobe ka yi bayani gaban alƙali.”

Bauna ya yi ruri har kajin maƙwabta suka watse, amma ya bi tef ɗin yana ɗingishi. Aka gwada gindin rumbu, bai kai ba. Aka gwada bakin zaure. A gaskiya wurin ya kai har da ɗoriya, amma tef ɗin ya yi wani irin lanƙwasa a hannun Dubagari, aka ce saura ƙafa biyu. Sai da aka zagaye gidan kaf, sannan aka tsaya kan kututturen ɓaure.

“Nan? Inda Furera yake ɗaure akuya?”

“Nan kaɗai doka ta yarda.”

“To, doka ya sha kashin akuya!”

Litinin, ashirin ga wata, Bauna ya tumɓuke kututturen ya kafa dagi, wato sandar ƙarfen da ake sara ƙasa da ita. Bai yi nisa ba sai ga Na Huɗu ya yi sallama, da igiya a kafaɗa.

“Wucewa nake yi. Bayana ya hana ni aiki, zaman gida ya ishe ni. An ce ɗan kokawa na haƙar rijiya, na ce bari in zo in yi dariya.”

“Igiyan fa?”

“Jingina nake yi da ita.”

Bauna ya nuna shi da dagi. “Ka zauna ka yi kallo. Amma ba za ka taɓa ƙarfe ba, ba za ka koya mini komai ba.”

“Ni wa, in koya wa Bauna?”

Bai koya masa komai ba. Da ya ga bakin ramin na fita kamar ƙwai, sai ya ce wa Furera, da ƙarfi yadda za a ji, ai dama 'yan kokawa ba su iya da'ira ba, shi ya sa ake zana musu fage. Bauna ya ɗauko tsinke da zare ya fitar da da'ira kamar bakin faifai. Da rami ya kai ƙirji, sai Na Huɗu ya ba da labarin yadda Hammanjoda ke sassaƙa matakai a bango kowane kamu ɗaya, “amma shi gwani ne, ba kowa zai iya ba.” Kafin azahar matakai sun fito reras. Da rami ya wuce tsayin mutum, dole wani ya ja kwandon ƙasa, tunda kuwa ga mai zaman banza a bakin rami da igiya a hannu, ba a ma yi shawara ba. Kowace safiya yakan zura fitila mai wuta har ƙasa kafin Bauna ya sauka. Ya ce maciji yake dubawa. Iska yake dubawa, don in wutar ta mutu, mutum ma ba zai daɗe a ciki ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne gwiwar. Daga gaba uku Bauna ya kasa hawa matakan da ya sassaƙa, sai an taimaka da igiya. Na Huɗu ya kafa gwafa biyu da gungume a bakin ramin, safe da yamma yana saukar da mutumin da ya ninka shi biyu yana jawo shi, ban da kwanduna wajen saba'in a yini. Ya riƙa zuwa da riga mai dogon hannu, a cikin zafin nan na bazara.

Rana ta goma sha biyu, a gaba huɗu, dagi ya yi ƙara ya lanƙwashe. Marmara ce, ja, mai tauri kamar gindin turmi. Bauna ya sare ta yini guda bai cika kwando biyu ba. Aka jawo shi, ya zauna a kan tulin ƙasa ya miƙe ƙafar.

“Dutsen nan ne ya biyo ni. Shi ke nan.”

Na Huɗu ya murza ɓarɓashin a yatsunsa. Wannan ba falalen dutse ba ne, murfi ne, kaurinsa ba zai wuce kamu uku ba, ruwa na kwance a ƙarƙashinsa. Amma in ya faɗa, ya koyar. Sai ya je tasha, ya roƙi Direba karyayyen sifirin mota, ya kai maƙera aka fitar masa da baki.

Kashegari Direba ya shigo gidan da ƙarfen a kafaɗa, ya jefar kusa da ramin. “Takwara, ajiye mini wannan, in na bar shi a tasha ɓarayi za su ɗauke. Kada ka taɓa shi fa, ƙarfen Ingila ne, ya fi ƙarfin hannun tsoho.”

Da a ce Baunan da ne, da kafin Direba ya kai zaure ƙarfen na cikin rami. Wannan karon ko kallonsa bai yi ba. Kwana biyu yana zaune a inuwa yana shafa gwiwa. Furera ta fito da akwatinta ta shanya zannuwa a igiya, tana ninkewa ɗaya bayan ɗaya. Saura kwana goma a ga wata, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma. In ruwan sama ya sauka a ramin da ba a gama ba, bangon zai zube.

Na Huɗu ya san maganar da za ta tashe shi. Shekara goma sha biyar ba wanda ya furta ta a gaban Bauna, kuma duk duniya ba wanda bai kamata ya furta ta ba kamar shi. Ya tashi ya fara naɗe igiyarsa.

“Ka huta, Takwara, ba laifi. Ai ba yau aka fara ba. An ce har yanzu a Numan in an yi kaka ana waƙar baunar da ta shige ciyawa.”

Furera ta tsaya da zane a hannu. Direba, da ya zo duba ƙarfensa, ya ja da baya har ya taka akuya. Bauna ya ɗago kai a hankali. Bai yi ruri ba, da ya yi ma da sauƙi. Ya buɗe tafin hannunsa ya duba, ya dubi Na Huɗu, sannan ya miƙe ya ɗauki ƙarfen sifirin.

“Kama igiya.”

Kwana biyar bai ce masa uffan ba. In kwando ya cika sai ya girgiza igiya, in yana son fita ya girgiza sau biyu. Daga ƙasa ba a jin komai sai gum, gum, da numfashi irin na fage. Na Huɗu na sama yana ja, yana tunanin ko ya samo ruwa ya zubar da takwara. A rana ta biyar da la'asar ƙarar ta canza, ta yi taushi. Kwandon da ya biyo baya farin yashi ne. Ya cusa hannu ciki ya ji sanyi, ya yi maza ya juya fuska don kada Furera ta ga haƙoransa.

Ran Litinin, sha ɗaya ga Mayu, wajen ƙarfe goma na safe, a gaba biyar da rabi, wata murya ta fito daga ƙasa kamar ana buga ganga a cikin tulu.

“Ndiyam! Ruwa! Furera, ruwa ya zo! Kai, ɗan ƙaramin nan, ja ni!”

Furera ta rangaɗa guɗa har sau uku, unguwa ta cika gidan. Aka jawo Bauna, laka har gemu, yana rungume da ƙwarya. Ya miƙa wa matarsa. Ta bari ya kwanta, ta kurɓa, ta ce, “Da ɗan ɗanɗanon akuya.” Sannan ta shiga ɗaki ta mai da zannuwanta inda suke. Bayan kwana uku aka ga wata, da ruwan rijiyar aka dama kunun buɗa-baki.

Rijiyar Bauna ake ce mata, kuma har ya bar duniya bai gaji da labarin ba: yadda doka ta kore shi zuwa turken akuya, yadda ya fasa marmara da ƙarfen Ingila, yadda mai rijiyar garin ya zauna mako uku yana kallo baki buɗe. Gari ya samu abin dariya, aka ce ɗan kokawa ya ƙwace sana'ar Na Huɗu da gwiwa ɗaya. Hammanjoda ya sa kakinsa. Kashegarin fitowar ruwa Furera ta kai ɗan ƙoƙon man kaɗanya gidan Na Huɗu, ta ba matarsa, ta ce na ciwon baya ne, amma an ce ya fi aiki a tafin hannu. Ba ta ce na gode ba, ita ma ta san doka.

Azumi ya hana zaman gindin ɗorawa sai Juma'ar bayan Salla. Na Huɗu ya zo a makare, yana tafe yana jan ƙafa, don tun ranar maganar Numan bai zauna da Bauna ido da ido ba. Ya tarar ana tsakiyar labarin marmara. Bauna ya katse, ya harare shi.

“Kai. Maganan da ka yi ran nan.”

“Bakina ne ya zame, Takwara.”

“Bakin da ya zame shi ke sayen tsire. Lawali! Na yau a wuyan wannan, ka sa da ƙoda!”

Direba da Dubagari suka dubi sama, kamar ɗorawa ta yi sabon abu. Bauna ya miƙo hannu, Na Huɗu ya fito da nasa daga hannun riga. Tafinsa ya warke, amma sabuwar fata ce, ja, mai santsi, da layin igiya ya ratsa ta. Tabo ya haɗu da tabo. Bauna ya riƙe hannun ya ɗan jima, fiye da yadda gaisuwa ke bukata, yana kallon tukubar Lawali.

“Hannunka ya yi laushi, Takwara. Zaman banza ba ya da kyau.”

“Zaman banza ne,” in ji Na Huɗu.

Wannan karon bai sunkuyar da kai ba. Ya zauna a kan benci, ya ja takardar tsire gabansa, ya zaɓi tsoka mafi girma.